Kabarin Rigar Kawu Seleka

Duk Ghanzi babu wanda bai san bakin Modiri ba. Faci yake yi a gefen titin Maun, amma in ka tsaya a ƙara maka iska, kafin tayar ta cika sai ka ji yadda ya taɓa yin ƙara ɗaya a bayan gari shanu arba'in suka ɓalle shinge. Babu wanda ya ga shanun, babu kuma wanda ya nemi a gyara masa shinge.

Abu ɗaya ne ke cin ransa: ba shi da suna. A cikin 'yan kiɗan ƙarfe na garinmu, wato kiɗan nan mai gurnanin jita da ganga da ihu, masu baƙaƙen rigunan fata da hular makiyaya da sarƙoƙi a ƙugu, mutum ba ya raɗa wa kansa suna. Sai ka hau dandamali ranar taron shekara ka nuna abin da ka iya, sannan babba ya karɓi abin magana ya faɗi sunanka a gaban jama'a. Abin da ya faɗa kuwa ya zauna ke nan har a binne ka. Akwai Guguwa, akwai Ƙahon Ɓauna, akwai Warona mai ganga wadda ake kira Ƙanƙara. Modiri kuwa shekara bakwai yana ɗaukar lasifika yana naɗe waya, har yau Modiri ne. Ga shi tuni ya zaɓar wa kansa Aradun Kalahari, sai dai mai faɗa ya rasa.

Mai faɗar kuwa kawunsa ne, Seleka, ƙanin mahaifiyarsa, direban motar shanu. Shi ya fara kawo wannan kiɗa garin, kuma yana da riga. Baƙar rigar fata ce mai nauyi, kafaɗunta cike da ƙusoshi, bayanta cike da tambarin kowane taro na shekara ashirin da biyu. Marigayiya matarsa ce ta ɗinka tambarin da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, da zaren auduga.

Saura mako uku taro, mawaƙin ƙungiyar ya samu aiki a mahaƙar lu'ulu'u ya tattara ya tafi. Mma-Modiri, wato uwar Modiri, don a garinmu da sunan ɗa ake kiran uwa, ta tasa ƙaninta a gaba da magiya har ya gaji, ya zo shagon faci da rigar a hannu.

"Waƙa ɗaya," in ji shi. "In ka yi abin kirki, na ba ka suna. Ni zan kai shanu Lobatse, sai ranar taro zan dawo. Ga riga, albarkacin uwarka. Ka rataye ta a inuwa. Me na ce?"

"A inuwa, Kawu. Ai inuwar da zan sa ta ko rana ba ta san da ita ba."

Kawu ya harare shi, sannan ya hau mota.

Ƙurar motar ba ta gama lafawa ba Modiri ya isa wurin Warona.

"Ƙanƙara, kin san me ya sa kiɗanmu bai kai na Norway ba?"

"Saboda janaretanmu yana mutuwa a tsakiyar waƙa."

"Wari! Ba mu da wari. Na gani a waya. Can masu kiɗan baƙin ƙarfe na ainihi, kafin su hau dandamali sai sun binne tufafinsu a ƙasa, su tono su suna warin kabari. Mu nan kowa ya zo yana ƙamshin sabulu kamar mai zuwa coci."

Warona ta ajiye sandunan ganga. "Modiri, rigar wa za ka binne?"

"Ban ce riga ba."

"To me ke cikin buhun nan?"

"Ke dai ki buga gangarki," in ji shi. "Ranar nan har Windhoek sai an ji labarina."

Washegari da safe, da uwarsa ta fita da kaskon suyar magwinya, fanken garinmu, ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya naɗe rigar a tsohon bargo, ya kwantar da ita a hankali ya mayar da ƙasa. Har dutse ya dasa a wajen kai, don a cewarsa in za a yi abu a yi shi da kyau. Kwana huɗu yana zuwa yana durƙusawa yana sunsuna wurin, yana yayyafa ruwa.

Abin da bai lissafa ba shi ne Mma-Tefo, maƙwabciyarsu, shugabar mata a coci, wadda idonta ba ya hutu a kan shinge. A rana ta biyar ta kasa daurewa.

"Ɗan nan, me ka shuka?"

"Abin da ya fi ƙarfinki, Mma."

"Na ga shuka da dutse a kai."

"Wanda ke ciki ya ga duniya," in ji Modiri yana ɗaga kai sama. "Shekara ashirin da biyu yana yawo. Yanzu yana hutawa."

Mma-Tefo ba ta ko ɗaura kallabi daidai ba ta fita. Kafin a dafa shayi gidan ya cika: matan coci, 'yan tasha, da ɗan sandan mai unguwa riƙe da shebur. Modiri yana ta bayani kan Norway, babu mai saurare. Shebur na uku sai ga hannun riga ya leƙo, baƙi, da ƙusoshi.

"Seleka ne!" Mma-Tefo ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, ya kashe kawunsa! Ni dama kwana biyar ban ga motarsa ba!"

Mata suka ɗauki waƙar jana'iza. Ɗan sanda ya riƙe Modiri a wuyan wando. Ana haka Mma-Modiri ta shigo da gudu, hannu duk ƙullu. Ta kalli ramin, ta kalli ɗanta, ta gane komai, don ita ta haife shi. Ta ciro waya ta kira ƙaninta, ta buɗe murya kowa ya ji.

"Seleka, kana da rai?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Yaya? Ina garin Kang ina cin nama. Rigata lafiya?"

Duk gidan aka zuba wa Modiri ido.

"Lafiya lau, Kawu," in ji shi. "Tana inuwa."

Aka watse ana dariya, ban da Mma-Tefo da ta ji haushin waƙar da ta ɓata. Mma-Modiri ta kakkaɓe rigar, ta rataye ta a bayan ƙofa, ta ce in ya sake taɓa ta sai ta binne shi a ramin da ya haƙa, kuma ba dutse.

Wani zai ji kunya. Modiri kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya sa hanci a rigar ya ji ba warin komai, sai na bargo. Ya yanke hukunci cewa laifin yashi ne. Yashin Ghanzi busasshe ne, ko gawa ka sa masa sai dai ya mayar da ita kilishi. Ana bukatar ƙasa ta gaske, ja, mai danƙo.

Irin wannan ƙasa kuwa wuri ɗaya ya san take. A bayan gari, kusa da hanyar rijiyar burtsatse, akwai wani suri da ya fi mutum tsawo. Modiri ya rataye tsohuwar rigar ruwa a bayan ƙofa ya lulluɓe ta da zane, ya sa ta gaskiyar a baro ya tura.

Yana cikin haƙa sai ga Rra Motsumi, wani tsoho makiyayi, a keken jakinsa. Ya ja linzami ya tsaya yana kallo.

"Ɗana, me za ka ajiye a nan?"

"Kaya, Rra."

"A gindin suri?"

"Ƙasar nan ce ke da kyau."

"Tana da kyau ƙwarai. Masu ita ma suna da haƙori."

Modiri ya jingina da shebur ya yi irin murmushin da ake yi wa wanda bai waye ba. "Rra, ka taɓa zuwa Norway?"

"A'a. Kai ka taɓa?"

"Ina da waya."

"To," in ji tsohon. "Akwai gara a can?"

"Can ƙanƙara ce ko'ina, Rra."

"Na ji," in ji Rra Motsumi, ya kaɗa jakinsa.

Wannan karon ba bargo, don ƙasa ta shiga sosai. Kullum da hantsi sai ya turo jarkar ruwa a baro ya kwarara a wurin. Da ya ga abin bai isa ba, ya roƙi ruwan wankin tumbi a mahauta ya ƙara. A garin da ake rowar ruwa ko ga akuya, Modiri ya yi kwana goma sha biyar yana shayar da suri. Surin kuwa har sabon gini ya yi ta gefe guda, Modiri ya ce alamar nasara ce.

Saura murya. Waƙar baƙin ƙarfe ba rerawa ake yi ba, ƙara ce daga can ƙasan maƙogwaro, kuma masu yi sun san yadda ake fitar da ita ba tare da an yaga wuya ba. Warona ta ce ya zo ta nuna masa. Ya ce Aradu ba ya zuwa makaranta. Ya samu wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe a bayan shago, ya shiga ciki yana kurma ihu daga azahar zuwa la'asar. Rana ta farko kajin unguwa suka daina ƙwai, in ji Mma-Tefo. Rana ta uku wani direba ya zo da sanda yana neman wanda ke azabtar da alade. Rana ta shida Modiri ya fito daga tanki, ya buɗe baki zai gaida mai sayen iska, sai iska kawai ta fito.

Ya sha ɗanyen ƙwai. Ya sha zuma da citta. Ya sha wani tafasasshen saiwa da ya hana shi nisa da bayan gida kwana guda cur. Muryar dai ta ƙi dawowa, sai raɗa kamar mai gulma a coci.

"Ka gaya wa Kawu ba za ka iya ba," in ji Warona. "Bana ba ita ce ƙarshen duniya ba."

Ya ja ta kusa ya raɗa mata a kunne. "Ajiye muryar nake yi."

Ranar taro ta zo. A filin gwanjon shanu ake yi, da rana tsaka, don dandamalin mai gwanjo ne kawai ke ɗaukar ganguna. Tun safe babura ke shigowa daga Maun da Gaborone, kowa baƙi wuluk, ƙusoshi na walƙiya.

Modiri ya fara da fuska. Mutanen wayarsa suna shafa fari da baƙi su koma kamar gawa. Shi ba shi da irin fentinsu, sai ya kwaɓa farar ƙasar da ta rage a shafen bango, ya zagaye idanu da baƙin man takalmi. Kafin ya isa suri rana ta busar da ita, fuskar ta ɗaure, ko ƙifta ido sai da dabara.

Ya tona. Tun kafin ya ga rigar warin ya buge shi har ya ja da baya, hawayen daɗi suka cika masa ido. Ga ta nan cif, ja da laka, ƙusoshinta na nan, tambarinta na nan manne. Ta ɗan yi sakwa-sakwa a hannu, kuma shafin cikinta ya koma wani abu kamar burodin da ya jiƙe. Bai kakkaɓe ba. Wa zai kakkaɓe ƙasar kabari bayan wahalar kwana goma sha biyar? Ya tuɓe singileti ya zura ta a kan fatarsa, ya ja zif har wuya.

Mota uku ya tsayar, duk suka tsaya, duk suka tashi da sauri. A ƙafa ya isa filin, karnuka biyar na biye da shi, ƙudaje sun yi masa rumfa. Jama'a suka dare biyu. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, yana tafe yana ɗaga musu hannu.

Uwarsa na bakin ƙofar filin tana suyar magwinya. Ta bi shi da kallo, ludayi ya tsaya a sama. "To wacce ce a bayan ƙofata?" ta ce, amma tuni ya wuce.

Kawu Seleka ya iso ke nan daga hanya, yana tsaye gefen dandamali. Ya ja hanci.

"Mene ne ya mutu?"

"Ɗan yayarka ne ya iso," in ji Warona.

Kawu ya ƙura wa rigar ido. "Me ya sa ta yi ja?"

Modiri ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna sama, ya haye dandamali kafin a sake tambaya.

Warona ta ƙirga huɗu ta saki ganguna kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Jita biyu suka ɗauka da gurnani, ƙura ta tashi, kawuna ɗari uku suka fara sama da ƙasa. Modiri ya ware ƙafafu, ya cafki abin magana da hannu biyu, ya wage baki har farar ƙasar kumatunsa ta tsage.

Abin da ya fito, ko ɗan tsako sai ya fi shi.

Ya sake gwadawa. Kawuna suka fara tsayawa. Wani daga baya ya ce a duba waya. Wani ya ce wayar lafiya lau, a duba mutumin. Modiri ya hango kawunsa ya naɗe hannu a ƙirji. Shekara bakwai na ɗaukar lasifika suna zubewa a gabansa. Gumi ya keto masa, ya gangara cikin rigar.

Mutanen cikin rigar kuwa sun yi haƙuri. An ɗauke su daga gida, an yi tafiya da su a rana, an girgiza su da ganga. Gumin nan ne ya ƙure su. Zago na farko, mai jan kai, ya kafa haƙori a hammatarsa ta hagu.

Ƙarar da Modiri ya saki, na rantse har yau ban sake jin irinta ba. Lasifika ɗaya ta yi tari ta mutu. Karnukan nan biyar suka ranta a na kare. Filin ya fashe da sowa.

Na biyu ya kama shi a cibiya, na uku a tsakiyar baya inda hannu ba ya kai. Daga nan aka daina ƙirga. Modiri yana tsalle yana murɗewa yana dukan ƙirjinsa, yana ihu, "Ku cire min! Suna ci na! Suna ci na da rai!"

"Suna ci na da rai!" jama'a suka amsa, hannuwa sama.

"Ba waƙa ba ce!"

"Ba waƙa ba ce!" suka amsa da ƙarfin da ya fi na farko.

Warona ta ƙara wuta tana dariya har hawaye. Kawu da kansa ya warware hannu ya fara gyaɗa kai. Da a nan abin ya tsaya, da yau wani labarin nake ba ku.

Modiri ya wurga hannu baya don ya kai ga mai cizon, sai hannun rigar ya rabu da kafaɗa ya tashi sama ya faɗa cikin jama'a. Aka yi wawa a kansa. Wanda ya samu ya ɗaga shi da murna, ya sake shi da ihu. Hannu na biyu ya zame ya sauka a kan ganga. Gara ba ta bar zare ko ɗaya ba, laka ce kawai ke riƙe da rigar, laka kuwa ta bushe. Tambarin suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya kamar ganyen kaka. Bayan rigar ya ɓalle ya faɗi tim. Modiri ya rage daga shi sai abin wuya da zif a rataye, jikinsa fari fat da gara tana gudu ko ta ina.

Na gaba suka gane, suka ja da baya suna kakkaɓe wando. Jita ta yi shiru. Modiri ya dira daga dandamali, ya ratsa jama'a, ya faɗa kwamin shan ruwan shanu da ka. Ya ɗago, fari da baƙi sun haɗe sun zama ruwan toka suna ɗiga daga haɓarsa.

Kawu Seleka bai ko kalle shi ba. Ya hau dandamali ya durƙusa, yana tsintar tambarin nan yana hure musu ƙasa. Ya juya ɗaya ya duba bayansa, inda ɗinkin matarsa yake a da, babu komai sai ƙananan huji a jere. Nan dariya ta mutu. Babu wanda bai ji tausayinsa ba a filin nan, har Modiri, wanda ya so ruwan kwamin ya haɗiye shi.

Kawu ya zuba tambarin a hularsa, ya miƙe, ya ɗauki abin magana.

"Na yi alkawarin suna in an yi abin kirki," in ji shi a hankali. "Shekara ashirin da biyu ina jin masu ƙara, ban taɓa jin kamar ta yau ba. Ƙarya ba kyau."

Modiri ya ɗago kai daga kwami. Ya fara motsa leɓe yana tuna wa kawunsa: Aradu, Aradu.

"Sai dai ba shi ya yi ta ba. Masu aikin su suka ci rigata, su suka yi waƙar, sunansu za a sa." Ya nuna kwamin da hula. "Daga yau, Gara."

"Gara! Gara! Gara!" Filin ya ɗauka, Warona na raka su da ganga.

A bakin ƙofa wani ƙato daga Maun, mai sarƙa har gwiwa, ya miƙa wa Mma-Modiri kuɗi pula biyar cikin ladabi. "An ce ke ce mahaifiyarsa. Barka da arziki. A ba ni magwinya uku, Mma-Gara."

Mma-Modiri ta dube shi. Ta dubi na bayansa a layi, ta ga bakinsu ya riga ya kama sunan. Ta sauke kasko daga wuta, ta ratsa filin da ludayi a hannu har gaban dandamali.

"Seleka! Shekara ashirin da takwas ina Mma-Modiri. Da shi aka san ni a coci, da shi aka san ni a kasuwa. Canza shi yanzun nan!"

"Yaya, kin san doka," in ji Kawu yana kallon cikin hularsa. "Abin da aka faɗa ya zauna. Ke kika roƙa masa."

Ta juya a hankali ta nufi kwamin. Jama'a suka buɗe mata hanya fiye da yadda suka buɗe wa ɗanta. Modiri ya nutse har wuya, muryar ta sake guduwa, sai raɗa.

"Mma, tsaya ki ji. A Norway..."

Ludayin bai bar shi ya ƙarasa ba.